Kifin Faɗa da Tsabtar Ruwansa

 

Yau maganarmu a kan wani ɗan kifi ce. Ba kifin miya ba ne, ba kuwa na banda ba. Tsawonsa bai wuce yatsa ba, watau kamar inci 2 da rabi zuwa 3. Mutane suna ajiye shi cikin tankin gilashi a ɗaki don sha'awa, kamar yadda waɗansunku su ke ajiye kanari ko aku cikin keji. Wataƙila wani zai ce a ransa, ina ruwanmu da kifin da ba a ci? To, ku yi haƙuri ku saurara. Abin da ke kashe wannan ɗan kifi cikin tankinsa, shi ne ke kashe tarwaɗa cikin tankin mai kiwo. Wanda ya gane na ƙaramin, ya gane na babban.

Inda kifin ya fito

Asalinsa daga ƙasar Tailan ne, can gabas da Indiya. Da sunan ƙasar Siyam, a shekarar 1939 aka sake mata suna. Babban birninta Bankok. Ƙasa ce mai yawan ruwa, abincin mutanenta kuwa shinkafa. Kifin yana zama cikin fadamun shinkafa da kududdufai da magudanai, inda ruwa ba shi da zurfi, ba ya gudu, ga shi da ɗumi.

Mutanen ƙasar suna kiransa pla kat, watau kifi mai cizo. Dalili kuwa, namiji ba ya ƙaunar ganin wani namiji kusa da shi. Da sun haɗu sai kowa ya buɗe fikafikansa, ya kumbura wuya, su kama cizon juna. Tun da daɗewa mutanen Siyam su kan kama su, su haɗa su faɗa kamar zakaru. Saboda haka mu a nan za mu kira shi kifin faɗa.

Na cikin daji ba shi da wani kyau, launinsa ƙasa-ƙasa ne, fikafikansa gajeru. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen masu kyau suna haɗa su suna hayayyafa, har aka sami ja, da shuɗi, da fari, masu jela mai jan ƙasa kamar babbar riga. A shekarar 1910 wani masanin kifi na Ingila, mai suna Tate Regan, ya ba shi sunan da a ke rubutawa cikin littattafai, watau Betta splendens. A shekarar 2019 kuma gwamnatin Tailan ta zaɓe shi ya zama alamar ƙasar cikin dabbobin ruwa. A lardin Nakhon Pathom, kusa da Bankok, akwai gidaje da yawa da kiwonsa ne sana'arsu, daga can a ke aikawa da shi ƙasashen duniya. A manyan biranenmu ma akwai masu sayar da kifin ado da tankunan gilashi.

Kifin nan yana da abin mamaki iri biyu. Na farko, namiji ne ke rainon ƙwai. Ya kan hura kumfa da bakinsa a saman ruwa, ya tara ta wuri ɗaya ta zama sheƙa. In mace ta saki ƙwai, sai ya tsince su da baki ɗaya-ɗaya ya kai cikin kumfar, ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe bayan kwana 1 ko 2.

Na biyu, yana shaƙar iska irin tamu. Kun san jan naman nan mai kama da matsefi da ke gefen kan kifi. Da shi kowane kifi ya ke numfashi cikin ruwa. To, shi kifin faɗa, ban da wannan, yana da wani abu cikin kansa wanda ya ke shaƙar iskar sarari da shi. Jim kaɗan sai ku ga ya taso sama, ya buɗe baki, ya koma. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku, gama tarwaɗa da gaiwa ma haka su ke yi.

Kuskuren da mutane ke yi

Wannan baiwa ita ce ta jawo masa wahala. Da mutane suka ga ba ya mutuwa da wuri cikin ruwa kaɗan, sai suka ce ai ko a kofin shayi ma ya zauna. Waɗansu har su kan ce wai a ƙasarsu ma cikin sawun dabbobi ya ke zama. Ba haka ba ne. Gaskiya fadamar shinkafa ba ta da zurfi, amma ku dubi faɗinta. Ruwan sama yana zuba cikinta, ciyayi suna tsotse dauɗarta. Kifin ya kan maƙale cikin ɗan ruwa kaɗan ne in rani ya matsa, ba da sonsa ba.

Ku tuna da wannan: rashin mutuwa dabam, lafiya dabam. In an kula da kifin faɗa ya kan yi shekara 2 zuwa 4. In an bar shi cikin ƙazamin ruwa, sau da yawa 'yan watanni kaɗan zai yi, cikin wahala kuwa.

Dauɗar da ido ba ya gani

Mutum yana da ɗakin kwana, yana da madafa, yana da bayan gida, kowanne da wurinsa. Kifi ba shi da wannan. Ruwan da ya ke kwana ciki, nan ya ke ci, nan ya ke zagayawa, da shi kuma ya ke numfashi. A kogi ba kome, gama ruwa yana wucewa da dauɗar. A tanki kuwa babu inda za ta, sai mai kifin ya fitar da ita.

Dauɗar tanki iri biyu ce. Akwai wadda a ke gani: kashin kifi, da sauran abinci, da ruɓaɓɓen ganye, da gansakuka. Akwai kuma wadda ba a gani, ita ce mai kisa. Sunanta amoniya. Kowa a cikinku ya san ta, ko da bai san sunanta ba. In ka shiga akurkin kaji ko garken awaki da aka daɗe ba a share ba, wannan zarnin da ke yi maka yaji a hanci da ido, ita ce. Kifi yana fitar da ita daga jikinsa dare da rana, abincin da ya ruɓe a ƙasan tanki kuma yana ƙara ta. Tana narkewa cikin ruwa kamar gishiri. Ba ta da launi. Sai ka ga ruwa garau kamar na randa, alhali kuwa dafi ne. Tana ƙona abin numfashin kifi da fatarsa. In ruwa ya yi zafi, dafinta ya fi ƙarfi.

A Tailan masu kiwo su kan jefa busasshen ganyen wani itace, dangin baushe, cikin ruwan kifin. Sai ruwan ya yi ja-ja kamar shayi, kifin kuwa yana lafiya lau a ciki. Kun gani ke nan, ja ba shi ne dauɗa ba, fari ba shi ne tsabta ba. Amma kada wani ya je ya jefa ganyen da ya ga dama, akwai ganyaye masu kashe kifi.

Ma'aikatan da ke cikin tanki

Akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kun saba ji ana cewa ƙwayoyi suna kawo cuta. Gaskiya ne, amma ba dukansu ba. Waɗannan masu taimako ne. Suna zama a jikin tsakuwar da ke ƙasan tanki, da bangon gilashi, da soson injin tace ruwa. Abincinsu amoniya. Ƙungiya ta farko ta kan juya amoniya ta zama wani abu mai suna naitirait, shi ma dafi ne. Ƙungiya ta biyu ta juya naitirait ya zama naitiret. Shi wannan na ƙarshe da sauƙi, irin abin da ke cikin takin zamani ne, ba ya cutar kifi sai ya taru da yawa.

Waɗannan ma'aikata ba sa taruwa rana ɗaya. Sabon tanki ya kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Don haka ne sabon tanki ya fi tsohon tanki kashe kifi. Don haka ne kuma wanda ya kwashe kifinsa, ya zubar da ruwa duka, ya wanke tanki da tsakuwa fes da sabulu, ya yi ɓarna yana tsammani gyara ya yi. Ya kori ma'aikatansa, sai a sake daga farko.

To, ga jigon maganarmu yau. Tsabtar tankin kifi ba babban wanki ba ce ta ranar salla. Kaɗan-kaɗan a ke yi, a kai a kai, a ranar da aka yanka.

Girman tanki da wurin ajiye shi

Kifi ɗaya yana bukatar tanki mai cin lita 20, watau kamar jarka ɗaya, ko garwar kananzir da ɗan ƙari. Mai ƙaramin tanki yana tsammani aikinsa ya fi sauƙi. A'a, nasa ya fi yawa. Ku jefa cokalin gishiri cikin kofi, ku jefa wani cikin randa. Wanne zai fi ɗaci? Haka dauɗa ta ke. Ruwa kaɗan ya fi saurin ɓaci, ya fi saurin zafi, ya fi saurin sanyi.

A sa namiji ɗaya tak cikin tanki. A yi masa murfi, gama yana tsalle. Amma kada a cika ruwa har baki, kada kuma a toshe murfin, a bar masa sararin da zai shaƙi iska.

Kada a ajiye tanki inda rana ke bugunsa. Rana tana dafa ruwa, tana kuma haifar da gansakuka. Kifin yana son ruwa mai zafin awo 24 zuwa 28 a ma'aunin zafi. Da hunturu, daren ƙasarmu ya kan yi sanyi ƙasa da haka ƙwarai. Mai lantarki ya sa ɗan injin ɗumama ruwa da a ke sayarwa don wannan. Marar lantarki ya kai tankin ƙuryar ɗaki nesa da taga, ya lulluɓe gefensa da bargo da dare, ya bar kafar iska. Kada a zuba ruwan zafi. Da bazara kuma a nemi wuri mai inuwa da iska, kada a jefa ƙanƙara.

Aikin kowace rana

Aikin kullum bai wuce na minti 5 ba.

Da fari, dubi kifin. Yana yawo? Fikafikansa a buɗe su ke? Ya taso da ya gan ka?

Sa'an nan ba shi abinci, sau 2 a rana, safe da yamma. Abincinsa na asali ƙwari ne da tsutsar sauro, don haka tuwo da burodi da gero ba nasa ba ne, ɓata ruwa kawai za su yi. Akwai abincinsa na gwangwani, 'yan ƙwayoyi ƙanana. Ba shi 3 ko 4, abin da zai cinye cikin minti 2. Kifin nan makwaɗaici ne, kullum ya gan ka sai ya yi kamar bai ci ba. Kada ya ruɗe ka. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin tanki. A gargaɗi yara kuma, gama kowane yaro yana so shi ma ya jefa nasa.

In abinci ya ragu a saman ruwa, ko ganye ya mutu, kwashe shi nan da nan kafin ya ruɓe.

Aikin mako

Zaɓi rana ɗaya cikin mako, wadda ba ka mantawa, kamar ranar kasuwarku. A ran nan za a sake rubu'in ruwan. Bari mu yi lissafi tare. Tanki mai lita 20, rubu'insa nawa ke nan? Lita 5. Ledar ruwan sha ɗaya rabin lita ce, watau lita 5 daidai ta ke da leda 10. Auna sau ɗaya, ka ja layi a bayan gilashin. Daga ran nan ba sai ka sake awo ba, layin zai gaya maka.

Wannan ga mai injin tace ruwa ne. Wanda ba shi da inji, ya sake rubu'i ko sulusi sau 2 a mako. In tankin bai kai lita 10 ba, a sake rabi bayan kowane kwana 2, a kuma yi ƙoƙarin neman babba. Sabon tanki kuwa, cikin mako 6 na farko, a sake rubu'insa bayan kowane kwana 2, domin ma'aikatan nan ba su taru ba tukuna.

Kayan aikin kaɗan ne: bokiti 2, da tiyo siriri, da sabon soso. A ware su don kifi kaɗai. Bokitin da aka taɓa yin wanki ko jiƙa maganin feshi a cikinsa, bai yi ba. Ga yadda a ke yi.

1. Wanke hannunka da ruwa, ka ɗauraye sosai, kada sabulu ko man shafawa ko kananzir ya ragu.

2. In akwai inji, zare wayar lantarki kafin ka sa hannu cikin ruwa.

3. Bar kifin a cikin tankinsa. Kamawa da fitarwa suna firgita shi, suna yayyaga masa jela.

4. Goge gansakukar da ke jikin gilashi da soso.

5. Ajiye bokiti ƙasa da tanki. Cika tiyo da ruwa, ka toshe bakinsa biyu da yatsa. Sa baki ɗaya cikin tanki, ɗaya cikin bokiti, ka saki. Ruwa zai gangaro da kansa. Kada ka zuƙa da bakinka.

6. Bi ƙasan tanki da bakin tiyo, kana ɗan motsa tsakuwa, gama nan dauɗa ta ke kwanciya. Lura kada tiyo ya kama jelar kifin. In ruwa ya sauko kan layi, tsaya.

7. In soson inji ya toshe, matse shi cikin tsohon ruwan da ke bokiti, ka mayar. Kada ka wanke shi a famfo, kada ka shanya shi. Gidan ma'aikatanka ne. Wannan kamar sau ɗaya a wata ya isa.

8. Zuba sabon ruwa sannu a hankali ta gefen gilashi.

Tsohon ruwan nan kada a zubar da shi a banza. A ba tumatir ko alayyafon bayan gida, taki ne gare su.

Wani zai ce, ni ai in ruwa ya ragu sai in ƙara, ba shi ke nan ba? Ba shi ke nan ba. In miya ta ƙone a tukunya, ruwa ne ya tafi, gishiri yana nan. Haka ruwan tanki. Wanda ya bushe ya tafi shi kaɗai, ya bar dauɗa. Sai an ɗebe an zubar sa'an nan dauɗa ta ragu.

Wane ruwa za a zuba?

Ruwan famfo na birni ana sa masa magani mai suna kulorin, don kashe ƙwayoyin cuta. Ga mutum alheri ne. Ga kifi kuwa wuta ne, yana ƙona abin numfashinsa, yana kashe ma'aikatan tanki. In an tara ruwan a bokiti ya kwana 1 ko 2, kulorin ya kan fita. Amma akwai wani irinsa mai suna kuloramin, wanda ba ya fita ko an ajiye. Don haka mai ruwan famfo ya fi kyau ya sayi maganin kashe kulorin a wurin masu sayar da kifi. A jikin kwalbar an rubuta ɗigo nawa a ke sa wa lita nawa. Nan ne karatunku zai yi muku rana. Karanta, ka ƙirga, kada ka yi da ka.

Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin in ba an sa musu ba, amma su ma a bar su su kwana, ƙasa ta kwanta, su sha iska. Ruwan kududdufi da na kogi kada a yi amfani da su, suna kawo wa kifi cuta. Ruwan sama na farko da ya wanke kwanon rufi, shi ma a bar shi ya wuce.

Bokitin sabon ruwa ya kwana kusa da tanki, domin zafinsu ya zama ɗaya. Taɓa wannan, taɓa wancan. In hannunka ya ji bambanci, jikin kifi zai ji fiye da haka. A rufe bakin bokitin da ƙyalle mai tsabta, kada sauro ya yi ƙwai a ciki, mu je gyaran gidan kifi mu jawo wa yara zazzaɓi.

Akwai kuma 'yar takarda ko ruwan gwaji da a ke sayarwa. In an gwada ruwan tanki sai launi ya sake, a duba shi da lambobin da ke jikin kwali. Amoniya ta zama 0. Naitirait ya zama 0. In ɗayansu ya wuce 0, a sake rabin ruwa a ran nan, a rage abinci.

Abokan gaban kifi a cikin ɗaki

Sabulu da omo da kowane maganin wanki, kada su kusanci tanki. Ɗan abin da ya maƙale a gilashi ya isa kisa.

Maganin sauro, na fesawa ko na ƙonawa, mugun dafi ne ga kifi. Abin da bai isa ya sa mutum atishawa ba ya isa ya kashe shi. Kada a ajiye tanki a ɗakin da a ke fesawa. In tilas ne, a rufe shi ruf da bargo, a kashe inji, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska.

In mutum ya gaji da kifinsa, ya ba wani wanda zai kula da shi. Kada ya sake shi cikin tafki ko kogi. Baƙon kifi ya kan kawo wa na gida cuta.

Yadda kifi ke faɗin damuwarsa

Akuya tana kuka, kaza tana kuka. Kifi ba shi da murya, sai dai mai shi ya karanta jikinsa. In ya naɗe fikafikansa, ya kwanta ƙasa, ya ƙi abinci, ko launinsa ya koɗe, akwai magana. In gefen jelarsa ya yi baƙi ko fari yana zaizayewa kamar tsohon tsumma, ruɓewar jela ce, ƙazamin ruwa ne kan kawo ta. In ruwa ya yi hazo ko ya yi wari, ku tuna ruwa ba ya tsami banza.

In an ga haka, kada a fara da sayen magani. A fara da ruwa. A sake rabi yau, rubu'i gobe, rubu'i jibi, a rage abinci. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa jela ta sake tohowa. In bayan mako ɗaya bai yi sauƙi ba, ko aka ga fararen ɗige-ɗige a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, sai a nemi malamin dabbobi ko wanda ya san kifi.

Lafiyar mai aikin

Ruwan kifi ba na sha ba ne. In kana da rauni ko tsaga a hannu, kada ka tsoma shi cikin tanki, gama akwai ƙwayar cuta da ke shiga ta rauni ta kawo gyambo mai wuyar warkewa. Sa wani ya yi, ko ka sa safar roba. In ka gama aiki, wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci. Kada a wanke kayan kifi inda a ke wanke kwanukan ci. Yara kuwa su yi kallo da ido, ban da hannu.

Ga masu kiwon tarwaɗa

Yanzu bari in cika alkawarin da na yi da farko. Mutane da yawa suna kiwon tarwaɗa cikin tankin siminti ko na roba. Tarwaɗa ma tana shaƙar iska, ita ma tana da wuyar mutuwa, shi ya sa ita ma a ke yi mata irin wannan kuskure. A cika tanki da kifi, a watsa abinci ba awo, ruwa ya daɗe ba a sake ba. Kifin ba zai mutu a ran nan ba. Sai ya rage ci, ya daina girma, ya riƙa rataye a saman ruwa, fatarsa ta yi miki. Mai shi yana ta sayen abinci, abincin yana ruɓewa a ƙasa. Wata safiya ya tashi ya tarar da asara. Sai a ce maita ce, ko a ce an sayar masa da mugun iri. Sau da yawa kuwa amoniya ce.

Maganin ɗaya ne. Kada kifi ya fi ƙarfin ruwa. Kada abinci ya fi ƙarfin kifi. A zuƙe dauɗa daga ƙasa, a riƙa sake ruwa tun bai yi wari ba. Bambancin kawai, tarwaɗa tana da yawa, tana ci da yawa, don haka ruwanta ya fi bukatar sakewa a kai a kai. Rigakafi ya fi magani.

Dabbar da ke daji tana neman wa kanta. Wadda muka tsare kuwa, ko kanari ne, ko akuya, ko ɗan kifi, amana ce a hannunmu. Wanda ba zai iya ba shi minti 5 kullum da rabin sa'a ran kasuwa ba, gara ya bar shi a kanti.

Ga aikin da za ku kawo wa Malam mako mai zuwa. Kowa ya ja layi cikin littafinsa, ya rubuta ranakun mako 7. Ya sa alama a ranar da zai sake ruwa in tankinsa ba shi da inji. Sa'an nan ya yi wannan lissafi: tanki mai lita 40, rubu'insa lita nawa ne, leda nawa ke nan? Wanda ke da tambaya kuma ya ɗaga hannu, ga ni nan.